Ranar da Motar Mansur Ta Haye Gada

Shekara biyu Mansur ya yi yana gyaran mota ɗaya. Bakanike ne a Bracodi, haifaffen unguwar Adjamé ta birnin Abidjan, kuma ya iya aikinsa, sai dai tun ranar da ya sayo wata tsohuwar motar soja a wurin gwanjo, masu kawo masa gbaka, wato ƙananan motocin bas na haya, suka fara yin layi suna jiransa ya fito daga ƙarƙashinta.

Motar mai ƙafa shida ce, ta girme shi nesa ba kusa ba. Janyo ta aka yi zuwa garaji, tsatsa ta cinye ƙasanta, kaji sun yi ƙwai a mazaunin direba. Ya sauke injin ya wargaza shi ya sake haɗawa. Akwatin giya ya ba shi wahala wata huɗu, don haƙoran ciki sun gutsuttsure, sai da ya zagaye kasuwar tsofaffin kayan mota kaf kafin ya sami irinsu. Kardan ɗin gaba, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin injin ga ƙafafun gaba, ya lanƙwashe, shi ma ya ƙi yarda a yi masa kwaskwarima, sai da ya samo na asali.

Da aka zo fenti ya kira Rabilu, mutumin Katsina mai yi wa gbaka zane. Rabilu ya zagaya motar ya ce, "Maigida, a sa mata ja da ruwan ɗorawa, na zana maka zaki a ƙofa."

"Jamais, har abada," in ji Mansur. "Koren soja nake so, wanda aka haife ta da shi. Marar ƙyalli."

Sau uku Rabilu yana haɗa kala, sau uku Mansur yana cewa ta yi kama da ganyen latas. A na huɗu ya shafa ƙarfen, idonsa ya ciko.

Ana cikin haka Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifinsa mai sayar da atamfa a kasuwar Treichville, ta buga waya ta ce tana da diloli a wani sito a unguwar Arras, tana son a kai mata shago ranar Talata da hantsi. Ta ji an ce ya gama wata babbar mota. Ba ta tambayi kalarta ba, shi ma bai ga dalilin faɗa ba.

Tun daga bakin garaji ya ga abin da bai taɓa gani ba a rayuwarsa. Direbobin gbaka, waɗanda ba sa kauce wa kowa ko da motar asibiti ce, suka riƙa manne wa gefen titi. Woro-woro, tasin haɗaka, suka dare. Mai turin amalanke ya haye dakali da kayansa. Hanyar da takan ci masa sa'a guda, a minti goma sha biyar ya ratsa Plateau ya hau gada, iskar ruwa tana dukan fuskarsa. Ya ce a ransa, ashe mutanen Abidjan sun san aiki mai kyau in sun gan shi.

Ya loda diloli a Arras, ya ja tamfol ya rufe, ya nufi kasuwa. Yana karyo kwana ya ji ƙarar ƙofofin ƙarfe suna sauka, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshen layi. Mai suyar alloko, wato soyayyar ayaba, ta bar mai a wuta ta shige lungu. Kafin ya kashe injin titin ya zama fayau, sai takalma guda-guda a ƙasa.

Wayarsa ta yi ƙara. Gwaggo ce, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Mansur, kana ina? Kada ka zo. Koma gida. Soja sun fito, ga motarsu nan a bakin layinmu, an ce cike take da mutane."

"Gwaggo, ni ne."

"Na san kai ne, kai na kira. Na ce ka koma!"

"Gwaggo, motar tawa ce. Atamfarki ce a ciki."

Ta kashe wayar. Can sai wata ƙofa ta ɗaga kaɗan, Gwaggo Kande ta sunkuyo ta fito, mayafinta a hannu. Ta tako har gaban motar ta tsaya. Mansur ya sauko yana dariya, yana jiran ta yaba. Da ya ga fuskarta, dariyar ta tsaya.

"Lokacin rikicin ƙasar nan kana Damagaram wurin dangin uwarka," ta ce. "Mu muna nan. Irin wannan motar ce ta tsaya a ƙofar gidanmu, irin wannan kalar. Ta tafi da Badaruddeen ɗan maƙwabciyata da safe yana riƙe da burodi. Har yau uwarsa ba ta sauya lambar wayarta ba."

Mansur ya sunkuyar da kai. Ya san labarin, kowa ya sani, amma cikin shekara biyun nan ko sau ɗaya bai haɗa shi da motarsa ba. Mutane suka fara fitowa, wasu na dariya, wasu na zaginsa da Julanci. Mai alloko ta ce sai ya ci wanda ya ƙone. Ya ci.

Bayan an sauke diloli, Gwaggo ta yago ƙyalle daga wata atamfa ta miƙa masa. Ruwan hoda ne da furanni ruwan ɗorawa.

"Ka kai wa mai fentinka."

Rabilu ya karɓi ƙyallen, ya yi kwana uku yana fesa fenti yana waƙa. Ya ƙara furanni a ƙofa ba tare da an sa shi ba.

Yanzu motar Mansur ta yi suna a Treichville. Kowace Alhamis ita ke ɗaukar kayan amare, katifu da tukwane da 'yan rakiya suna guɗa a baya. A Adjamé kuwa babu mai kauce mata. Gbaka sun goge mata gefe sau biyu.

Wata Alhamis yana tsaye cikin cunkoso a Bracodi, wani tsoho mai sanda ya tsaya ya kasa kunne ga injin, sannan ya matso kusa da taga.

"Yaro, wa ya gyara wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Shekara goma sha takwas na tuƙa irinta a bariki. Ƙafafun gaba suna ja?"

"Duka shida suna ja."

Tsohon ya girgiza kai. "Tamu ba ta taɓa tashi ba sai da turi. Mutum goma muke sawa." Ya dubi furannin, ya dubi katifun, ya tambayi Mansur ko yana da wuri ranar Alhamis ta sama, jikarsa za ta tare.