Allurar Hannun Hagu

A unguwar Tishigu ta Tamale duk wanda ya san riga ya san Malam Usumanu mai cin wuya, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya yarda da kowa. Kakansa ne ya zo daga Kano fataucin goro ya zauna a Tamale, ya bar wa zuriyarsa allura da zargi. Allurar dai ta ciyar da su duka. Zargin kuwa Usumanu ne ya kwashe kason kowa. Da aka kafa famfo a bakin unguwa cewa ya yi an zuba wa ruwan magani. Ranar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga ta Ghana, gari ya cika da kiɗa, shi yana zaurensa yana tambayar wanda ya ɗinka tutar da abin da yake nufi da tauraron da ke jikinta.

Shekarar nan aiki ya yi masa yawa. Kowa na son ya fito da kayan gida, malaman makaranta ma da akawu sun ajiye kwat suna neman batakari, rigar saƙi ta gargajiya, da babbar riga. To, a daidai lokacin ne idon Usumanu ya ci amanarsa. Cutar yana ce ta rufe masa ido biyun a hankali, har ya zama mutum in ya tsaya a ƙofar zaure sai ya yi magana yake gane shi. Bai gaya wa kowa ba. Ya san ranar da aka ji cewa mai cin wuya ba ya gani, ranar masu riguna za su kwashe kayansu su kai wa Zubeiru Bahago, wanda ya koyi aiki a hannunsa, yanzu kuma ya sayi keken ɗinki ya buɗe shago a bakin kasuwa. Saboda haka ya koma ɗinki da lalube, yana bin zane da babban yatsa, yana ƙara ɗaure fuska don kada a matso kusa.

Wata safiya ya ɗauko rigar Imoru, wani manomin doya daga Sagnarigu da yake son ya sa ta a bikin Damba. Ya shafa inda ya tsaya jiya, sai yatsansa ya tsaya cak. Zaren ya kwanta, amma ba ta inda nasa yake kwantawa ba. Nasa yana karkata dama, wannan ya karkata hagu. Ya juya bayan rigar ya laluba ƙullin, shi ma a juye yake. Wani ya warware aikinsa ya sake, kuma mai hannun hagu ne.

Bahago ɗaya ne ke riƙe allura a duk Tamale, kuma ya san sunansa.

Ya ci gaba da shafa riguna kowace safiya, kuma kusan kullum sai ya tarar da ɗinkin nan na hagu, wani lokaci a aljihu, wani lokaci a tambarin baya. Abin da ya fi ƙona masa rai, ɗinkin ba shi da makusa. To me Zubeiru yake nema? Ko yana so ne ranar Damba ya nuna riguna a jikin mutane ya ce ga aikinsa? Kuma ta ina yake shiga? Rigunan a ɗaki suke kwana, cikin akwati. Ba a shiga gidan mutum sai da ɗan gida, gidan kuwa daga shi sai matarsa Rakiyatu, tunda 'yarsu Hasanatu ta yi aure.

Daga nan ya fara haɗa abubuwa, kuma Usumanu in ya fara haɗa abubuwa ko tsakuwa sai ta zama shaida. Ya tuna Rakiyatu ta taɓa cewa Zubeiru yaron kirki ne. Ya tuna kwanan nan ta fara tambayarsa yaushe zai dawo duk lokacin da zai fita. Ga kuma maganar asibiti. Motar sanarwa ta zaga unguwanni tana cewa wani likitan ido ya zo daga kudu, ɗan ƙasa ne, yana cire yana. Tun ranar Rakiyatu ba ta bar shi ya huta ba.

"Malam, da ka je ya duba ka," in ji ta tana ajiye masa koko.

"Ya duba me? Na ce miki ina ciwo ne?"

"Ba ka ce ba."

"To wa ya ce?"

Ta yi shiru ta koma madafa. Shirun nan ma ya sa shi cikin shaida. Wato so ake a kwantar da shi a asibiti, a ɗaure masa ido, kafin ya fito an gama raba masu rigunansa. Shekaru sama da talatin suna tare, bai taɓa kama ta da ƙarya ba, amma ya gaya wa kansa ai ba a kama gwani. Abin ya dame shi ƙwarai, don yana son matar nan, ko da yake bakinsa bai taɓa faɗa ba.

Ran nan bayan azahar ya ce zai tafi ta'aziyya Lamashegu, ba zai dawo ba sai yamma. Ya ɗauki sanda ya fita. Bai wuce masallacin unguwa ba. Ya zauna a inuwar bango har ya ji ana shirin la'asar, sannan ya lallaɓo gida, ya cire takalma a zaure, ya shiga da sanɗa. A tsakar gida, wajen da haske ya fi yawa, ya hango dishi-dishin mutum a sunkuye kan wani farin abu. Ya yi tsalle irin wanda bai dace da shekarunsa ba ya cafke hannun.

"Na kama ka, Zubeiru!"

Allura ta soke shi a tafi. Hannun da ya riƙe siriri ne, kuma da awarwaro a jikinsa.

"Sake ni, Malam, za ka ɓata wa mutane riga da jini," in ji Rakiyatu.

Ya sake ta, ya tsaya baki buɗe. "Ina ya shiga?"

"Wa?"

"Bahagon."

"Ga ta nan gabanka."

Ya ce ƙarya ne, ai da dama take ba shi abinci, da dama take gaisawa, da dama take komai. Ta ce haka ne. Da hagu aka haife ta, amma gwaggonta da ta riƙe ta ta ɗaure mata hannun a ƙugu da ɗankwali, ta hana ta tuwo sai in ta ɗiba da dama, har ta saba. Ba wanda ya sani a gidan aurenta, don abin kunya ne.

"Ranar da ka zuba koren zare a tsakiyar farin zanen aska, ka naɗe rigar ka ce ka gama, ranar na ɗauki allura," in ji ta. "Na gwada da dama ta ƙi. Na mayar hagu, sai ka ce jira take yi."

"Mace da cin wuya? Wa ya koya miki?"

"Kai. Shekara nawa ina kai maka ruwa zaure? Ido gare ni."

Usumanu ya zauna a kan turmi. Kunya ta rufe shi, ta idonsa da ta zarginsa, amma bai bar halinsa ba. Ya ce to don me take tura shi wajen mai wuƙa? Ta manta abin da ya sami mahaifinsa? Wani wanzami ya zo da tsinke ya ce zai ture masa yana. Tsohon ya ga haske kwana kaɗan, daga nan idon ya kumbura, bai sake ganin komai ba har ya rasu. Shi da yake ganin dishi-dishi, gara ya riƙe dishi-dishinsa.

"Ni ma tsoro na ji," in ji Rakiyatu. "Ranar farko ina ta cewa in aka gan ni na shiga bakin matan unguwa. Amma Malam, zan gaya maka gaskiya, yanzu ba don kai kaɗai nake yi ba. Daɗin abin nake ji. Da na sani da ban jira furfura ba. Abu ɗaya ne ke damuna. Ban san ko aikin ya yi ba. Mutum ɗaya ne a garin nan zai duba ya faɗa mini gaskiya, shi kuma ba ya gani."

Ya daɗe yana murza gefen rigar. Can ya ce, "A yatsa dai ya yi. Amma yatsa ana ruɗinsa. Ban yarda ba sai na gani."

Haka aka yi Malam Usumanu ya je asibiti, kuma duk Tishigu ba wanda ya gaskata sai da aka gan shi a layi. Can ma ya nuna hali. Ya tambayi likitan sunan ubansa da garinsu. Ya ƙi shan ruwan wurin. Ya kafa sharaɗi cewa ido ɗaya za a taɓa, ɗayan ya zauna a hannunsa har ya ga abin da hali ya yi. Likitan ya ce dama ɗaya-ɗaya ake yi, Usumanu ya fito yana gaya wa Rakiyatu cewa ya fi ƙarfinsu. Da aka zo shiga da shi kuwa, ya riƙe bakin zaninta kamar ƙaramin yaro, sai da wata ma'aikaciya ta ɓamɓare yatsunsa. Ya yi kwanaki a kwance rigingine, kai tsakanin jakunkunan yashi, ba juyi ba tari, yana ta ƙirga mutanen da yake zargi da hannu a ciki.

Ya dawo gida da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Damba ta matso, kuma washegari Imoru ya iso a kan kekensa. Usumanu ya sa aka fito da rigar, ya shimfiɗa ta a ƙofar zaure inda rana take, ya sunkuya da ido ɗayan nan ya bi ta tun daga wuya har aljihu. Rabonsa da ganin zare ɗaya-ɗaya har ya manta. Ya nemi aibu da gaske, don da niyyar samu ya zauna. Ya samu wuri ɗaya a ƙasan aljihu inda layi ya kauce, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya lura zaren wurin dama ya karkata.

Imoru ya ɗaga rigar yana murmushi. "Malam, rigan nan ya yi kyau. Mutane suna cewa ka tsufa, amma hannunka bai tsufa ba."

Da ya yi shiru da shi ke nan, sunansa ya tsira, ba wanda zai sani. Rakiyatu tana bayan ƙofa da kwanon ruwan baƙo, ita ma ba za ta faɗa ba.

"Wannan karkataccen layin shi ne nawa," in ji Usumanu. "Sauran ba hannuna ba ne. Mman Hasana, fito."

Ta fito ta ajiye ruwan, ta gaida Imoru, idonta a ƙasa. Usumanu ya zare allura daga hularsa ya miƙa mata a gaban baƙo, ya ce ta warware layin nan ta gyara kafin mutum ya tafi. Ta miƙo hannun dama yadda ta saba karɓar komai daga gare shi. Ya janye allurar.

"Ba wannan ba," in ji shi. "Ɗayan."