Fedar Birkin Odell

"Ga ta can ina hangenta," in ji Verna, tana nuna wata tsohuwar mota a ƙarshen filin matattun motoci. "Irin ta Odell ce sak. Fedar birki kawai muke so, Curtis. Ƙarfen da bai kai tsawon hannuna ba."

Curtis, mai filin, ya ci gaba da sakace haƙori. "Ki gaya wa Odell ya sayar min da motarsa dungurungum, injin nake so. Mutumin da ke jan tulun iskar numfashi a baya, ina za shi?"

Zuwanta na uku ke nan.

Shekara goma sha ɗaya Verna da Odell suna maƙwabtaka a sansanin motocin kwana, can cikin hamadar Arizona, a Amurka. Motarsa ce gidansa, a ciki yake barci, a ciki yake girki. Da likita ya ce huhunsa ba zai kai shi bazara ba, sai ya ƙudurta tuƙa ta zuwa jihar Oregon wurin 'yarsa Loreen, wadda rabon da su yi magana shekara tara. "Ba zan sauka mata kamar ɗan ci-rani ba," ya ce. "Da gidana zan je." Ranar da ya tayar da motar, fedar ta karye daga gindi. Masu ƙera irinta sun daɗe da rufewa. Mai walda ya liƙa, ta sake ɓallewa. Verna ta buga waya jihohi huɗu, babu.

Ta dawo daga wurin Curtis ta sami Odell a ƙarƙashin rumfa.

"Ya hana ko?"

"Ya ce mako mai zuwa."

Odell ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ke dai ba ki iya ƙarya ba, Verna." Ya miƙo mata takardun motar, ya riga ya sa sunanta. "In na tafi kafin fedar ta samu, motar taki ce."

Ranar Alhamis da safe ta kai masa kofi, ta tarar da shi a kujerar direba, taswira a cinyarsa, kansa jingine da gilashi, ya riga ya cika. Kofin ya huce a hannunta kafin ta iya kiran kowa. Loreen ta iso bayan kwana biyu, ta yi kukanta, aka ƙone gawar yadda wasu ke yi a can, ta tafi da tokarsa.

Ba a yi mako ba sai ga Curtis da motar janwe, hula a hannu.

"Allah ya jiƙan dattijo. Na zo in ɗauke motar, in rage miki wahala."

"Sannu da jinƙai," Verna ta ce. "Tsaya nan ka sha kallo."

Tun hantsi ta tara maƙwabta. Wannan ya ɗauki firji, wancan murhu, wata ta kwashe batiran fitila, duk kyauta. Injin kaɗai ta ce kada a taɓa. Yanzu ta buɗe murfinsa, ta ɗebo yashi da gwangwanin kofin Odell, ta ɗura a ramin mai. Ta ƙara. Ta sake ƙarawa.

"Ke! Kin haukace ne, tsohuwa? Irin injin nan ya ƙare a duniya!"

"Shi ma Odell irinsa ya ƙare."

Ta hau, ta murza makulli, ta danne totur da iya ƙarfin ƙafarta. Injin ya yi ruri, ya koma ƙwanƙwasa kamar ana dukan tukunya, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Ba ta ɗaga ƙafa ba, idonta cikin na Curtis, sai da ya yi wata ƙara ya ƙame.

Curtis ya tofar da yawu, ya ja motarsa ya tafi. Maƙwabta suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Verna ta sauko ta zauna a matakalar ƙofa. A bayanta ƙarfen injin yana ta ƙyas-ƙyas yana hucewa, baƙin mai na ɗiga a hankali cikin yashi.