Kafinta Ya Juya wa Matarsa Ƙeya

"Kin gani da idonki ko?" matar kafinta ta ce mini, cokali a hannunta. "Ina magana yana ba bango amsa."

Na gani kuwa. Maƙwabcin nawa na kwance, ɓarin hagu ya shanye, fuska can wajen tagar da ke damansa. Ta ce, "Malam, ka ƙoshi?" Ya ce wa labule, "Na ƙoshi."

Kwana tara ke nan da dawo da shi daga asibiti. Ranar da ya faɗi, da safe sun yi cacar baki, wai garin katako ya ɓata mata shanya. Ta ce masa ita ta gaji da ganin fuskarsa. Kafin rana ta take aka kwaso shi daga shago.

"Da fushina zai tafi, Iya," ta ce. "Shekara arba'in da ɗaya, a ce ko kallo ban isa ba."

Ni dai ban yi boko ba, takardar likita ko a kife aka miƙo mini sai in ce madalla. Amma ido ba ya bukatar makaranta. Ɗazu da zan shigo na bi ta lungu, ta bakin tagar nan, mutumin nan ya gaishe ni har da tsiya, wai tsohuwa har yanzu ƙasa ba ta kira ki ba. Yanzu ga ni a ɗaki, kusa da matarsa ta hagunsa, ko ƙuda ya fi ni daraja. To ni me na yi masa? Ni ban ce na gaji da fuskarsa ba, ko da yake ba wata fuska ce ta a zo a gani ba.

Na dubi kwanon da ke kan cinyarsa. Gefen dama tas kamar an lashe, gefen hagu ko taɓawa bai yi ba. Na sa yatsa na juya kwanon.

"A'a," ya ce, "an ƙaro?" Ya ci gaba da ci.

Na ce mata, "Ɗauki mayafinki."

"Ina za mu?"

"Zance zan kai ki."

"Iya, wannan lokacin wasa ne?"

Na ja ta muka fita, muka zaga ta lungu, muka tsallake kwata. Na tsayar da ita a bakin taga na ɗage labule.

Kafinta ya zuba mata ido.

"Ke!" ya ce. "Ina kika shiga? Muryarki kawai nake ji, in duba babu kowa. Na ɗauka ma na riga na mutu ne ba a gaya mini ba."

Ta kama ƙarfen taga da hannu biyu. "Ina nan gefenka, Malam. Kwana taran nan ko ƙofa ban fita ba."

"Wane gefen?"

Sai ta fashe da kuka, a tsakiyar lungu, mai ruwa na jira da kurarsa ya wuce. Na ce masa ya ajiye kurar, aiki ya samu. Mu uku muka juya gadon nan, kai ya koma ƙafa. Kafinta da kansa ya ƙera gadon, nauyi kamar an cika shi da duwatsu, yana kwance a kai yana ba mu umarni, wai a yi hankali da ƙafar baya.

Kwana goma sha ɗaya ya ƙara. Sun ƙarasa faɗan garin katakon ma, ina jiyo su ta katanga, kuma ita ta yi nasara. Da hantsi ya cika, tana zaune a damansa.

Da masu ta'aziyya suka watse na shiga taya ta shara. Gadon na nan yadda muka bar shi, an naɗe katifa. Ta zauna a kujerarta tana ninke rigunansa, tana jera su a kan katakon gadon ɗaya bayan ɗaya.