Fuskar da Ke Jikin Bangon Coci

Akunna ce ta fara kai ni cocin. Ajinmu ɗaya a sashen zane na jami'a a Samaru, gidansu kuwa a Sabon Gari yake, bayan unguwar PZ. Cocin ɗan ƙaramin gini ne na jar ƙasa a bakin dam, ma'aikatan jirgin ƙasa suka gina shi tun kafin a haifi iyayenmu. A ƙofa na toge, don ban taɓa shiga coci ba.

"Naila, shigo mana! Bango ba ya cizo," in ji ta.

Kakanta ne ya zana bangon, da shuni da gawayi da jar ƙasa. Masunta suna jan koma, ga wata budurwa tsaye a gefen ruwa da tulu. Duk zanen ya dushe, damshi ya ci ƙasansa.

"Mamata ke nan," in ji Akunna. "Ina jaririya ta rasu, hotunanta kuma gara ta cinye. Nan kaɗai nake ganinta."

Na ɗaga waya na ɗauki hoto, amma duhun ɗakin ya sa fuskar ta fito kamar tabo. Da malaminmu ya ga hoton sai ya gyara zama. Ya ce ya tuna masa da tsofaffin coci-cocin Habasha na bakin tafki, masu ɗaruruwan shekaru. Zai zo ranar Asabar da babbar kyamara. Don murna, Akunna ta gaya wa Mama Tobi, shugabar matan cocin.

Ranar Asabar mun riga malam isowa. Tun daga waje warin fenti ya tare mu. Mama Tobi ta fito tana dariya, hannunta fari fat.

"'Yata, kin ga aiki? Babban baƙo zai zo, mu bar shi ya ga datti? Ko Bishop ne zai zo haka muke yi wa wajen ginin. Wannan karon har ciki muka shiga!"

Bangon ya yi fari tas, sai ƙyalli yake. Akunna ta dafa wurin da tulun yake.

"Mama, zanen yana ƙarƙashi, ko? Za a iya ɓare fentin?"

"Ai sai da muka kankare da burushin ƙarfe. Fenti ba ya kama bango mai ɓarɓashi." Sai dariyarta ta tsaya. "Akunna, lafiya?"

Akunna ta juya. Ta fita bayan cocin, inda aka zubar da shara a bakin ruwa. Ta durƙusa tana tsintar ɓarɓashin, shuɗi da ja, tana jerawa a tafin hannu. Babu wanda ya kai farce girma.

"Naila, ke kin gan ta. Hancinta irin nawa ne?"

Na rufe ido na yi ta nema. Tulun kawai nake iya tunawa.