Gashin Zabo a Hular Malam

Da Khairiyya ta haska fitila cikin kunnen mahaifinta, sai ta ga baƙar fumfuna irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana uku. Nan take ranta ya ɓaci.

"Baba, maganin ɗigawar nan na kemis, tun yaushe kake sa shi?"

Malam Munzali ya juyo da ɗaya kunnen. "Me kika ce?"

Ta maimaita da ƙarfi. Ya ce mako uku ke nan, kuma ai ya yi aiki, tunda mugunya ta daina zuba.

Ta yi masa bayani dalla-dalla, yadda take yi wa marasa lafiya a asibitin da take aiki a Birnin Kudu. Da farko ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta inda ya ƙarce ramin kunnen. Maganin ya kashe su, amma da ya zarce da shi, ga danshin damina, sai fumfuna ta samu fili ta toshe ramin. Malam yana ta gyaɗa kai, ita kuwa ta san rabin zancen bai shiga ba.

Saura kwana tara a yi musabaƙar Alƙur'ani a Gwaram. Shekara goma sha huɗu shi ke zama kujerar alƙali, wasali ɗaya ba ya kuɓuce masa. Bana kwamiti ya aiko cewa in kunnen bai buɗe ba, wani za a sa.

Ta share masa kunnen tas, ta sauya magani, ta kafa doka: kada ruwa ya shiga, kuma ban da susa. Sannan ta zare gashin zabon da yake maƙalewa a hularsa, wanda yake murzawa a kunne duk sanda yake sauraron hadda.

"Da irinsa kakanki ya yi susa har ya shekara casa'in," in ji shi.

"Shi ba a ce za a karɓe masa kujera ba, Baba."

Ta jefa gashin a murhu.

Ana jibi musabaƙa ta sake hawa acaɓa zuwa garinsu Kwandiko. Kunnen ya kumbura suntum, ko taɓawa ba ya so a yi. Ta dubi mahaifiyarta. Inna Turai ta sunkuyar da kai.

"Ƙaiƙayi ne ya hana shi sakat, 'yar nan. Na kasa kallonsa haka, na fige masa sabon gashin zabo. Amma fa sai da na wanke shi da ruwan ɗumi."

Khairiyya ta rasa wanda za ta yi wa faɗa. A asibiti manyan alhazai na bin umarninta, a gidansu kuwa har yau yarinyar da ake aike ce. Don takaici ta fita tsakar gida ta yi kukanta, zabin gidan suna ta kiwonsu a gefe.

Ranar musabaƙa, daga ɓangaren mata ta hango Malam cikin 'yan kallo, ya karkato kunnen mai lafiya. Wata ɗaliba tana cikin karatu ya ɗaga yatsa zai yi gyara, sai ya sauke a hankali, don bai tabbatar da abin da ya ji ba.

Da aka tashi ya same ta a bakin ƙofa. Ya zaro gashin daga hularsa ya miƙa mata.

"Baɗi zai buɗe?"

Ta ce zai buɗe, in Allah ya so. Sai da ta faɗa sau biyu kafin ya ji.