Kwalabe Huɗu a Hammatar Margaret

Ni dai ban so dawowa Abuja ba, kar ma a yi mini ƙarya. A 1991 aka tattaro mu daga Legas, mu ma'aikatan ɗakin gwajin magunguna, aka zube mu a wani sabon gini da ko fenti bai gama bushewa ba. Mu uku ne: ni Safiyatu, da Oga Yamusa, da Margaret, Bagwariya 'yar Dutse Alhaji, wadda ita kaɗai ke murna don an kawo ta ƙofar gida.

Aikinmu gwada ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya. In gubar ƙwayar cuta ta shiga ruwan nan, zazzaɓi zai iya kashe mutum a kan gadon asibiti. Abin gwajin kuwa wani farin gari ne a 'yar kwalba, daga jinin wata ƙaguwar teku ake yin sa. Margaret ta taɓa zuwa kwas Amurka, ta gan su da idonta, kuma ta ishe mu da labari. Wai kamar kasko a kife, da wutsiya kamar tsinke. A kamo su, a ɗaure a jere, a soka allura kusa da zuciya, jini shuɗi ya riƙa ɗiga. Bayan an ɗebi kusan kashi ɗaya cikin uku sai a mayar da su ruwa. Wasu su mutu, wasu su daɗe a galabaice, matan ma su rage fitowa gaɓa saka ƙwai.

Saboda haka duk sanda za ta buɗe kwalba sai ta ce, "Sannu, mun gode." Ni kuma in kwashe da dariya, in ce, "Uwar ƙaguwa, ta amsa kuwa?"

Ranar da abin ya faru, amai da gudawa sun ɓarke a wajen Abaji. Mota na jira a waje da ruwa kashi uku, ba za ta tashi ba sai mun sa hannu. Kwalbar gari ɗaya tal ta rage mana, sabuwa kuwa sai bayan watanni. Na dama garin, na raba shi a siraran kwalabe huɗu: uku da samfurin ruwan, ta huɗu da gubar da muka sa da gangan don mu tabbatar garin na aiki. Saura a sa su a injin ɗumi, su yi awa guda cur a zafin jikin mutum, ba tare da girgiza ba. Ina ɗaga hannu aka ɗauke wuta.

Ko a jikina. A Legas ƙirga goma kawai muke yi janareta ya tashi. Na kai talatin kafin na tuna namu na nan yana cikin akwatinsa a bayan gini, ba a ma haɗa shi ba. Innalillahi! Laifina ne, ni na yi gaggawar haɗa garin da ruwan, kuma in an haɗa an haɗa, ba ya jira.

Oga Yamusa ya dafe kai. "Ko mu saki ruwan ba gwaji, ko mu riƙe mutane su mutu. Safiyatu, kin kashe mu."

Margaret ta ɗauki ma'aunin zafi ta soka a hammata, ta jira, ta duba. Sai ta ja kujera bakin taga, ta cire farar rigar aiki.

"Anti, kawo su. Biyu nan, biyu nan. A tsaye fa, kar su karkace."

"Ke, kin haukace?"

"Zafin mutum suke so. Ni ba mutum ba ne? Oga, duba agogo."

Na jera mata su a hammata. Ta matse hannuwa, ta ƙura wa bango ido, numfashi ma a hankali take ja. Zufa ta jiƙe ta sharkaf. Wajen minti ashirin sai ga wani ƙaton ƙudan shanu ya shigo ta taga, ya sauka a ƙaurinta. Na yunƙura zan make shi, ta ce ta cikin haƙora, "Kar ki taɓa ni, za su girgiza." Na kaɗa masa takarda, ya tashi ya dawo, ya tashi ya dawo. Sau uku yana cizon ta. Ina kallo jini ya gangaro har cikin takalminta, ko yatsa ba ta motsa ba. Wallahi kunya ta kama ni, kamar in nutse.

Da awa ta cika na zare kwalaben, na kifa su ɗaya bayan ɗaya. Mai gubar ta daskare kamar kamu, gari na aiki ke nan. Ta farko ta zubo, ruwa lafiya. Ta biyu ma haka. Ta uku na kifa, ta ƙi zubowa, akwai guba a ciki. Leda ɗari biyu ke nan da saura kaɗan su shiga jijiyar mutanen Abaji.

Oga ya fita da gudu yana ihu a sauke kashi na uku. Motar ta tafi da biyun.

Hannuwan Margaret sun sandare, sai da na taya ta saukar da su. Na durƙusa ina goge mata ƙafa da auduga, na ce, "Dubi jinin da kika zubar."

Ta leƙa, ta taɓe baki. "Wannan ɗan? Anti, ita ƙaguwar fa kashi ɗaya cikin uku ake ɗiba, kuma ba a tambaye ta ba."

Bayan wata huɗu sabon kwalin gari ya iso. Ni na buɗe kwalbar farko. Margaret na can bakin famfo tana wanke hannu, na ɗauka ba ta ji, na sunkuya na ce, "Sannu, mun gode."

Ba ta ko juyo ba ta ce, "Ta amsa kuwa?"