Gahawar Shaihu Mitlaƙ

Abu Sakhar ya zuba wa Shaihu Mitlaƙ gahawa a ofishin ƙungiya, Shaihu ya karɓa, ya ajiye finjalin a kan tebur bai sha ba.

Intisar tana bakin ƙofa lokacin. A garin Karak kowa Ummu Laith yake kiranta. Ita ce shugabar ƙungiyar, ita ta kafa ta don matan da ake duka a gidajen aure. Maganin hawan jini kawai ta fita saye. Ta dawo ta tarar da ɗakin taro cike da maza, kowa da alkyabba da jan hirami, a kan kujerun roba da aka aro wurin mai hayar rumfar makoki.

Ta dubi finjalin. Ta dubi Abu Sakhar.

Babu wanda bai san ma'anar ajiye finjali ba. Baƙo ya zo da buƙata ke nan. Ba zai sha ba sai mai gida ya ce, "Sha gahawarka, abin da ka zo nema ka samu." In ba a faɗa ba, gahawa ta huce, baƙo ya tashi a wulaƙance, maganar kuma ta bi mai gida har jikoki. Shi ya sa Intisar ta hana gahawa a ofishin nan tun farko. Shayi ake ba kowa. Shayi ba ya ɗaure mutum.

Abu Sakhar wan mijinta marigayi ne, tsohon soja. Ta naɗa shi shugaban amintattu ne saboda jami'an gwamnati sun fi saurin sa hannu in sun ga gashin baki. Yau kuma ya ɗauko butar gahawa daga gidansa, mai dogon baki, an goge ta tana walƙiya.

Ta yi sallama, aka amsa. Ta ce, "Yaya, zo mana."

Suka shiga ɗakin girki. Ta tura ƙofa da ƙafa.

"Wa ya aike ka?"

"Haba, Ummu Laith. Shaihu guda, da furfurarsa, in miƙa masa shayi kamar direban tasi?"

"Direban tasi ba ya zuwa karɓar mutum."

"Biko suka zo. Tun yaushe biko ya zama laifi?"

"Ka ga Rudaina?"

Ya gyara hiraminsa. "Ni ba na shiga sashen mata."

"To ni na gan ta. An ɗaure mata muƙamuƙi da waya. Da ɗan bututu take shan romo. Kai kuma ka je ka daka gahawa har da ƙamshi."

"Abin da ya wuce ya wuce. Yaron ya yi nadama, har kuka ya yi a motata."

"A motarka? Kai ka ɗauko su?"

Ya kawar da kai. Ta ajiye ledar magani a kan firiji, ta ciro ƙwaya ɗaya ta haɗiye babu ruwa.

Rudaina ta zo musu ne daga asibiti, da yara biyu da takalmi ɗaya. Wannan ne zuwanta na uku. Ƙungiya ta ajiye ta a wani gida da Intisar da mai aikin jinya kawai suka sani. Ko amintattu ba su sani ba, kuma Abu Sakhar ya daɗe yana jin haushin haka.

Ta koma ɗakin taro. Ba a bar mata kujera ba, sai da wani ya tuna ya tashi. Akif, mijin Rudaina, yana kusa da taga cikin sabuwar farar riga, ya sunkuyar da kai. A gabansa akwai kwalin kayan zaƙi da wani ƙaramin akwati na gwal. Mahaifin Rudaina, Abu Hamad, yana gefen Shaihu, tsoho siriri, yana jan carbi da sauri kamar ana korarsa.

Shaihu Mitlaƙ ya yi gyaran murya. Ya yi salati, aka amsa. Ya yabi dangin Intisar tun daga kakanta. Ya ambaci rijiyar da kakan ya haƙa, da baƙin da ya ciyar a shekarar fari. Intisar ta ƙura wa agogon bango ido. Akwai wata mata da za ta raka kotu kafin azahar.

"Ke 'yarmu ce, Ummu Laith," in ji Shaihu. "Aikinki kowa ya yaba. Amma harshe da haƙori ma suna saɓawa. Mun zo a ba mu 'yarmu ta koma ɗakinta. Ni na sa fuskata, ni na tsaya masa. In ya sake taɓa ta, gemuna ya taɓa."

Maza suka ce, "Madalla. Magana ta yi kyau."

Intisar ta ce, "Allah ya ƙara girma, Baffa. Bara da aka mayar da ita, fuskar wa aka sa?"

Can a lungu wani mai ƙiba ya ɗan ɗaga hannu.

"Tawa ce. Amma ranar da abin ya faru ina Aƙaba."

"Fuskar ma ka tafi da ita Aƙaba?"

Wani ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Mai ƙibar ya ce, "Ji min mata!"

Shaihu ya ɗaga tafi. "Wancan daban, ni daban. Gahawa tana hucewa, 'yata."

Abu Hamad ya yi magana ba tare da ya ɗago ba. "Ni ne ubanta. Na yafe. Shaihu, sha gahawarka."

"A'a, Abu Hamad," in ji Shaihu. "Ba a gidanka aka zuba ba. A nan aka zuba. Mai wurin ne zai faɗa."

Duk idanu suka koma kan Abu Sakhar. Ya miƙe ƙirji, ya shafa gashin baki, ya buɗe baki.

"Yaya," in ji Intisar, "in ka faɗa, kai za ka kawo ta. Ka san inda take?"

Ya rufe bakin.

Ta miƙe. "Ba ni aka daka ba. Ba ni zan amsa ba. Ku ba ni minti kaɗan."

Ta shiga ofishinta ta kulle. Kan tebur akwai takardun bitar da masu ba da tallafi suka dage a yi wa maza, kan yadda ake haɗiye fushi. An yi bitar a watan jiya. Akif ya halarta, ya ci abinci, ya karɓi takardar shaida. Ta ture su gefe ta buga waya.

Rudaina ta ɗauka. Maganarta ta cikin haƙora take fitowa, sai an kasa kunne.

"Inna, sun zo?"

"Sun zo. Har da babanki. An ajiye finjali."

"Wayyo Allah. Shaihun da kansa?"

"Da kansa."

"To ai shi ke nan, Inna. Wa ke mayar da Shaihu? Babana ba zai iya shiga kasuwa ba. Ƙannena mata biyu ba su yi aure ba."

"Ban tambaye ki ƙannenki ba. Ke me kike so?"

"Abin da kika ce."

Intisar ta danna yatsu a goshi. Ta san wannan amsar. Ta ji ta daga bakin mata da yawa, biyu daga cikinsu ta je zaman makokinsu. Kalma ɗaya za ta faɗa yarinyar ta bi. Amma dokar ƙungiya ce ba a zaɓa wa mace, kuma ita ta rubuta dokar da hannunta, yau ga shi tana ji kamar ta yaga ta.

"Rudaina, duk rayuwarki abin da aka ce kike yi. Ni ba zan ce ba. Kina son komawa, in kawo mota yanzu. Ba kya so, ƙofar nan ba ta buɗuwa."

Intisar ta jira. Ana jin yaro yana buga cokali a wani abu.

"Ya kawo gwal?"

"Ya kawo."

"Bara ma ya kawo. Ya sayar kafin Sallah." Ta ja numfashi ta hanci. "Inna, jiya na yi barci. Har rana ta fito ban sani ba. Yaran ma ba su yi fitsarin kwance ba."

"To."

"Ba na ce har abada ba. Ban sani ba. Amma ba yau ba. Kuma don Allah kada Baba ya zo. In na ga fuskarsa zan bi shi."

"Na ji."

Ta ajiye waya. Da ta buɗe ƙofa, Abu Sakhar na tsaye yana gumi.

"Ummu Laith, ki tuna 'ya'yan ƙanena. Ɗanki Laith yana neman aure a cikin mutanen nan. Ki ce ya sha, daga baya a san dabara."

"Dabara irin ta bara?"

"Za a ce a gidanmu gahawar Shaihu ta huce!"

"Butarka ce. Ka ɗumama."

Ta wuce shi. A ɗakin taro an fara ƙus-ƙus, wani yana amsa waya a ƙarƙashin alkyabba. Ba ta zauna ba.

"Baffa, na tambaye ta. Ta ce ba yau ba."

Akif ya ɗago kai a karon farko. "Ita ta ce? Da wane bakin?"

"Da wanda ka bar mata."

Ya zabura, kujerar roba ta kife, kwalin zaƙi ya zube. Maza biyu suka riƙe shi. Yana fizgewa yana cewa matarsa ce, 'ya'yansa ne, zai rushe wurin nan da hannunsa. Shaihu ya daka masa tsawa ɗaya, ya koma ya zauna yana huci. Intisar ta bar su su kalle shi.

Shaihu Mitlaƙ ya daɗe yana shafa gemu. Ba wawa ba ne, ya ga abin da kowa ya gani. Amma ya zo da mutane, kuma da su zai fita.

"To, a rage buƙata," in ji shi, murya ƙasa. "Ba mu ce ta koma yau ba. Yaron nan ma ba zai je kusa ba, ni zan tsare shi. Uba kawai. Ga shi nan, tsoho, rabonsa da abinci tun da abin ya faru. Ki faɗa mana gidan, ya je ya ga 'yarsa da jikokinsa. Sai in sha, kowa ya tashi da mutuncinsa. Ba a raba uba da 'ya, Ummu Laith."

"Wallahi adalci ke nan," in ji Abu Sakhar daga bayanta. "Ai wannan ba komai ba ne."

Maza suka gyaɗa kai. Abu Hamad ya ɗago ya dube ta, idonsa jawur. Ta san shi tun suna yara. Ba mugu ba ne. Ta kuma san kafin la'asar duk wanda ke ɗakin nan zai san gidan.

Shaihu ya kai hannu kusa da finjalin ya tsaya.

"Muna jin ki, 'yata. Wace unguwa?"

Intisar ta ce, "Ba zan faɗa ba."